Mazaunin Fitila a Ɗakin Mai Hoto

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin shagon mai hoto kwana biyu ko uku bayan Sallah, sa'ad da jama'a ke komowa karɓar hotunan da aka ɗauke su cikin sababbin tufafi, lalle ya ji irin hukuncin da akan yanke wa mai sana'ar nan take, tun ba a fita daga inuwar rumfarsa ba. Wannan ta ce an baƙanta ta, waccan ta ce an mai da ita kamar wadda ta yi wanka da toka, wani dattijo kuwa ya yi ta jujjuya nasa yana neman aikin da ya biya maɗinki kuɗi mai yawa a ƙirjin rigarsa, amma bai ga kome ba sai fari fat kamar takarda. Kusan kullum kuma wuri guda ake ɗora laifin, watau a ce kyamararsa ce ba ta da kyau. Ni kuwa, bayan na daɗe ina zama da ma'abota wannan sana'a ina lura da aikinsu, abin da ya tabbata a gare ni shi ne, da wuya ka ga hoton da kyamara ce ta ɓata shi; galibi fitila ce aka tsayar inda bai dace ba, ko aka bar ta tsirara inda ya kamata a lulluɓe ta.

Asalin wannan mas'ala yana komawa ga wani babi na ilmi wanda wani malami Musulmi ya warware tun ƙarni goma da suka shige. Alhasan ibn al-Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen shekarar 965 ya kuma rasu a Alƙahira wajen 1040, ya tarar da manyan masanan Yunan irin su Iƙlidis da Baɗlimus suna ganin cewa wani haske ne ke fita daga ido ya je ya taɓa abin da ake kallo, sai ya kafa hujja a cikin littafinsa Kitabul Manazir, da dalili na hankali da kuma jarrabawa a ɗaki mai duhu wanda haske ke shiga ta 'yar kafa, cewa al'amarin akasin haka yake: haske ne ke faɗa wa abu, ya koma daga jikinsa ya shiga ido. To, idan wannan ya tabbata ga ido, ya tabbata ga kyamara, gama ita ma ɗaki ne mai duhu da kafa guda. Ma'anarsa ita ce, kyamara ba ta taɓa ganin fuskar mutum ba, abin da take gani shi ne hasken da fuskar ta mayar mata. Wanda kuwa ya sauya hasken, haƙiƙa ya sauya fuskar, ko da mai ita bai motsa daga kujerarsa ba.

Masu hoto na farko, tun daga 1839 da Daguerre ya bayyana fasaharsa a Faransa, ba su da wata fitila sai rana, saboda haka sukan gina ɗakunansu a saman bene su yi musu rufi da tagogi na gilashi masu fuskantar arewa, domin a ƙasashen Turai rana ba ta bi ta wannan sashe da tsakar yini, hasken da ke shigowa na sararin samaniya ne kawai, mai taushi, wanda ba ya sauyawa da yawa daga hantsi zuwa la'asar. A nan ya kamata in ja hankalin wanda zai kwaikwayi wannan shawara daga littattafansu, cewa garuruwanmu irin su Kano, da ke wajen digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, rana takan karkata ta arewacinsu tun daga ƙarshen Afrilu har zuwa Agusta, don haka tagar arewa a wurinmu ba ta da amincin da take da shi a Landan ko Faris. Daga baya, a 1887, aka fito da wata hoda ta maganiziyam a Jamus wadda akan cinna wa wuta ta yi walƙiya da hayaƙi, sa'an nan a shekarun 1930 Harold Edgerton a Amurka ya kyautata fitilar lantarki mai walƙiya, wadda ita ce kakar dukan waɗanda muke gani yau bisa sanduna a ɗakunan hoto. Amma kada a ɗauka cewa kyawun hoto ya jira zuwan waɗannan na'urori. Seydou Keïta, wanda ya buɗe shagonsa a Bamako a 1948, mafi yawan hotunansa da ake rataye su yau a manyan gidajen adana kayan fasaha na duniya, a tsakar gidansa ya ɗauke su da hasken rana, da zane mai ado a bayan mutum, ba don kome ba sai don ya san sa'ar da haske ke da kyau da gefen da zai zaunar da baƙonsa.

Ƙa'ida ta farko, wadda in mutum ya riƙe ta ya riƙe rabin sana'ar, ita ce taushin haske ko kaifinsa ba ya danganta da ƙarfin fitila, yana danganta ne da faɗin wurin da hasken ke fitowa, gwargwadon yadda yake a idon wanda ake haskawa. Dubi rana da azahar a watan bazara: duk girmanta, saboda nisanta ta zama kamar ƙwandala a sama, shi ya sa inuwarta ke da baki mai kaifi kamar an yanka da aska, idanu su faɗa cikin rami, hanci ya jefa baƙin tabo bisa leɓe. Sa'an nan dubi rana ɗin nan dai a ranar da hazon hunturu ya rufe gari, yadda sama duka takan zama fitila guda mai faɗi, inuwa ta narke, fuskar kowa ta yi laushi. Abin da hazo ke yi wa rana, shi ne laima ke yi wa fitila a ɗakin hoto, ko a harba hasken cikinta ya dawo, ko a harba ya ratsa ta farin yadinta. Shi ne kuma aikin akwatin nan mai farin ƙyalle a fuska, wanda ya fi laima tsare haske kada ya watsu ko'ina. Daga nan ne wani abu ke fitowa wanda yakan ba sabon shiga mamaki, watau idan kana son haske ya ƙara taushi, matso da akwatin kusa da mutum ka rage ƙarfinsa, kada ka ja shi baya, domin da ya yi nisa sai ya ƙanƙance ya koma halin ranar azahar. Wanda ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan kaya, ya zaunar da mutum a cikin zaure, taki biyu daga bakin ƙofa, ya sa shi ya ɗan karkata ga hasken da ke shigowa. Zai ga abin da ake sayen akwatin dominsa.

Ƙa'ida ta biyu ita ce jiha, watau daga ina hasken ya zo. A al'adar ɗakin hoto akwai fitila guda wadda ita ce uwa, ita ke zana fuska, sauran duk hidima suke yi mata, kuma mafi munin wurin da za a ajiye ta shi ne bisa kan kyamara daidai, gama haske da ya fito daga inda ido yake ba ya barin inuwa ko kaɗan, fuska kuwa in babu inuwa sai ta baje kamar faranti, ba kunci ba haɓa. Wannan irin haske hoton fasfo kaɗai ya dace da shi, inda hukuma ke bukatar a ga kome a sarari ba tare da inuwa a fuska ko a bango ba. In aka janye fitilar gefe kaɗan, aka ɗaga ta sama da kan mutum, sai hanci ya jefa 'yar gajeriyar inuwa zuwa gefen baki, wannan kuwa shi ne shirin da ya fi karɓar yawancin fuskoki, shi ne kuma ya kamata ɗalibi ya fara ƙwarewa a kansa. In aka ƙara janye ta har wajen digiri 45, inuwar hanci ta tafi ta haɗu da ta kunci, sai a bar 'yar alwatika ta haske a ƙarƙashin idon da ke ɓangaren duhu. Ana kiran wannan da sunan Rembrandt, mai zanen nan na ƙasar Holan da ya rayu daga 1606 zuwa 1669, saboda yawan ganinsa a zane-zanensa, kuma masana sun ce sharaɗin alwatikar kada ta fi hanci tsawo, kada ta fi ido faɗi. Haske ne mai kwarjini, ya dace da dattijo da malami da duk wanda shekaru suka yi wa rubutu a goshi. In kuwa aka kai fitilar gefe sosai, daidai kunne, fuska takan rabu biyu, rabi haske rabi duhu, abin da ba kowa ke so ya gani a bangon ɗakinsa ba.

Akwai wani shiri kuma da ya saɓa wa waɗannan, wanda ake ɗora fitilar a gaban mutum amma can sama, har inuwar da ke ƙarƙashin hanci ta yi kama da malam-buɗe-littafi. Masu shirya fim na Hollywood ne suka shahara da shi a shekarun 1930, musamman a fuskar Marlene Dietrich, kuma har yau shi ne masu ɗaukar amare suka fi so, domin yana fito da ƙashin kunci yana ɓoye ƙurajen fata, balle in an sa wani farin abu a ƙarƙashin haɓa ya mayar da haske sama. Sai dai a lura, mace mai ɗaurin ɗankwali da ya zazzago gaba, ko basarake mai rawani, in aka ɗaga musu fitila da yawa idanunsu za su nutse cikin inuwa. Alamar da mai hoto zai riƙe mai sauƙi ce: ya duba ƙwayar ido, in ya ga ɗigon hasken fitilarsa a samanta to lafiya, in bai gani ba ya sauko da ita har ya bayyana, gama ido marar wannan ɗigo kamar rijiya ce da ta ƙafe. Wani ɗan sirri kuma da ya kamata a sani shi ne, idan mutum ya ɗan juya fuskarsa, akwai kuncin da ya fi fuskantar kyamara da wanda ya fi nisa da ita. Haskaka na nesa yana sirantar da fuska mai faɗi, haskaka na kusa yana cika fuskar da ta rame.

Inuwar da uwar fitila ta bari, ba a barinta baƙa ƙirin, sai a sassauta ta, ko da fitila ta biyu mai rauni kusa da kyamara, ko da abin da zan kira faifan haske, watau farin kwali ko zagayayyen yadi mai ruwan azurfa da ake riƙewa a ɗaya gefen ya mayar da abin da ya wuce. Mizanin da ke tsakanin gefen haske da gefen inuwa shi ke ba hoto ɗabi'arsa: ninki 2 ga yara da amare da hoton iyali, ninki 4 ga wanda ake so ya fito da haiba, ninki 8 kuwa sai ga mai neman abin da ya yi kama da fim. Kuskuren da na fi gani a shagunanmu shi ne a kafa laima biyu masu ƙarfi ɗaya, ɗaya dama ɗaya hagu, a bar su nan shekara da shekaru ko wa ya shigo, tsoho ko jariri, har ƙura ta yi musu rawani. Wannan ba ya ɓata hoto ƙwarai, amma ba ya gyara shi, kuma shi ya sa hotunan gari guda duk suke kama da juna.

Yanzu sai mu zo ga babin da ya fi damuna, wanda kuma littattafan da ake koyon sana'ar daga cikinsu ba su cika tsayawa a kansa ba, watau baƙar fata, musamman idan ta haɗu da farar riga. Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa tun daga shekarun 1950 kamfanin Kodak ya riƙa rarraba wa masu wanke hoto wani kati mai hoton Baturiya, wanda aka sani da katin Shirley, a kansa ake daidaita launin injin, kuma sai a tsakiyar shekarun 1990 aka fito da wanda ya haɗa mata masu launin fata dabam-dabam. Wata malamar jami'a a Kanada, Lorna Roth, wadda ta bi diddigin wannan tarihi, ta nuna cewa daga cikin abin da ya sa aka kyautata yadda fim ke kama launuka masu duhu har da kukan masu sayar da cakulan da kayan katako, waɗanda hajarsu ba ta fita sosai a hotunan talla. Kyamarorin yau sun fi na da nesa ba kusa ba, amma wata ɗabi'a ta gado tana nan: ma'aunin hasken da ke cikinsu yana ɗauka cewa duk abin da aka nuna masa, in an gauraya shi, toka-toka ne mai mayar da wajen kashi 18 cikin 100 na hasken da ya faɗa masa. To, ka tsayar da mutum baƙi cikin babbar riga fara sol a gabansa. Zai ga fari ya yi yawa, ya rage haske domin ya mai da rigar toka-toka, fuskar kuwa ta tafi cikin duhu. Mai hoto ya ga haka ya ƙara wuta domin ya ceto fuskar, sai rigar ta ƙone, aska takwas ɗin da aka yi wata da watanni ana ɗinkawa ta ɓace. Kukan dattijon nan da na ambata a farko ke nan.

Maganin wannan ba ƙarin wuta ba ne, hikimar rabo ce. Fata mai duhu tana shanye mafi yawan hasken da ya shige ta, amma samanta yana da sheƙi kamar na tulun da aka goge, saboda haka abin da ke zana siffarta shi ne wannan sheƙin, watau surar fitilar kanta da ke bayyana a goshi da kunci da karan hanci. In fitilar ƙarama ce tsirara, sheƙin yakan zama 'yan ɗigo masu zafi da suka yi kama da gumi. In kuwa mai faɗi ce kuma tana kusa, sai ya shimfiɗu a hankali bisa fuska ya bi lanƙwasarta, launin ya fito da zurfinsa, ko baƙi ne mai sulɓi, ko wankan tarwaɗa, ko ja. Don haka akwati babba, kusa, a ɗaga shi daidai fuska, a karkatar da bakinsa sama kaɗan yadda tsakiyar hasken zai sauka a kai, gefensa mai rauni kawai ya taɓa rigar. In hakan bai isa ba a sa baƙin kwali a tare ƙasan akwatin. Kuma da yake hasken daga gefe yake zuwa, kowane zare na aikin rigar zai jefa 'yar inuwarsa, adon ya tashi a ga hannun maɗinki. Shadda da aka buga ta yi ƙyalli, da baƙin rawani mai shuni irin na Kura, su ma wannan shiri suke so, gama ƙyallinsu madubi ne, abin da aka nuna musu shi suke nunawa.

Ina faɗin wannan da nauyi a zuciyata, domin na ga yadda 'yan mata da yawa suka saba da ganin kansu a hoto da wani launi wanda ba nasu ba, an cika musu wuta an kuma bi da kwamfuta an kankare, har wasu suka ɗauka cewa kyan hoto shi ne a fito fari. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, to wane labari za a tambayi fuskar da aka shafe? Mai hoton da ya iya fitilarsa ba ya bukatar wannan ha'inci, kuma na sha ganin wadda ta shigo tana roƙon a haskaka ta, aka nuna mata kanta cikin launin da Allah ya yi ta da shi amma da haske mai kyau, ta yi shiru tana kallo, ba ta sake maganar farin ba. Abu guda da ya kamata masu kwalliyar amare su sani shi ne, wasu nau'o'in farar hoda da ba a ganinsu da ido sukan mayar da walƙiyar fitila fiye da fata, amarya ta fito da fari-fari a ƙarƙashin ido kamar an watsa mata gari. Gwaji guda da fitila kafin a fita ya isa ya tona wannan.

Saura fitilu biyu, ba kuwa sai na tsawaita a kansu ba. Ɗaya ana ajiye ta a baya can sama, ta zuba siririn haske bisa kai da kafaɗu domin ta raba mutum da bango, abin da ya zama wajibi in baƙin gashi ko baƙar hula ta haɗu da bango mai duhu. Wanda ke son ya ga darajar raba kai da bango, ya nemi hotunan kitso da J. D. 'Okhai Ojeikere ya fara tarawa a Nijeriya tun 1968, wajen dubu, yawancinsu daga ƙeya aka ɗauka a gaban bango marar ado, kowane layi na kitson a fili kamar kunyar gona. Ta biyun ita ce ta bango, mai share inuwa ko mai zana da'irar haske a bayan kai. Mutum kuma a janye shi daga bangon kamar mita 1 da rabi ko 2, inuwarsa ta faɗi ƙasa inda ba a gani. Mai tabarau, a tuna da hukuncin madubi wanda Ibn al-Haisam ya yi dogon bayani a kansa, cewa haske yana komawa ne da irin karkatar da ya zo da ita. A ɗaga fitila, ko a ɗan ɗaga ƙafafun tabaraun bisa kunne gilashin ya sunkuya, sai walƙiyar ta wuce ƙasa da kyamara. Fitilun ɗaki kuwa a kashe su, domin launinsu ba ɗaya ba ne da na walƙiya: ita tana wajen 5500 a ma'aunin Kelvin kamar hasken rana, ƙwai mai zare yana wajen 3000 yana ba da rawaya, doguwar fitila ta ofis kuma sau da yawa takan jawo tsanwa-tsanwa, in suka gauraya a fuska guda babu gyaran da zai daidaita su duka.

Hoton jama'a kuwa wani fasali ne dabam, kusan duk abin da na faɗa game da matso da fitila sai a juya shi, gama idan kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya. Dalili shi ne wata ƙa'ida ta lissafi wadda ba ta da makawa: haske yana raguwa ne gwargwadon nisa an ninka shi a kansa, watau in nisa ya ninka 2 hasken ya koma kashi 1 cikin 4, in ya ninka 3 ya koma kashi 1 cikin 9. Alal misali, a ce ɗaliban Islamiyya ne suka yi sauka, an jera su sahu huɗu da allunansu, tsakanin sahun gaba da na baya mita 2. In fitila tana mita 2 daga na gaba, to tana mita 4 daga na baya, saboda haka rubu'in abin da na gaba suka samu ne kawai zai kai gare su. Na gaba su ƙone, na baya su nutse. Amma in aka ja ta baya zuwa mita 6, na baya suna mita 8, sai rabonsu ya haura rabi. In aka kai ta mita 8, su suna mita 10, ya zama kashi 64 cikin 100, bambancin da ido ba ya damuwa da shi. Nisa ke nan ke kawo adalci tsakanin sahu da sahu, amma yana cin ƙarfi yana kuma ƙanƙantar da fitilar, don haka hoton jama'a ke bukatar fitila mai ƙarfi da laima mafi girma da aka mallaka, ko a harba hasken ga farin rufin ɗaki ko farin bangon da ke bayan mai hoto ya dawo a shimfiɗe, muddin dai farin ne na gaske, domin rufi mai launi yakan rina fuskoki da launinsa.

Game da jiha kuma, shirin Rembrandt da 'yan'uwansa ba su da wuri a nan, gama fitilar da ta zo daga gefe sai ta jefa inuwar kowane kai bisa fuskar maƙwabcinsa, in kuwa biyu ne daga gefe biyu, kowa ya sami inuwa biyu masu giciye. Abin da ya fi aminci shi ne fitila ta tsaya kusa da kyamara, ta yi sama da ita sosai, kamar mita 2 da rabi zuwa 3 daga ƙasa, tana kallon sahun baya, yadda inuwar kowa za ta zube a bayansa ƙasa, sahun gaba kuma ya sami gefen hasken da ya fi rauni ya rama kusancinsa. In taron yana da faɗi a sa biyu, dama da hagun kyamara ba da nisa ba, kowace ta ɗan kalli ɗaya ƙarshen. Sahu kuwa a matse su, na baya a hau da su kan benci, kowane kai ya leƙo ta tsakanin kawuna biyu na gabansa, mai hoto ya ce musu wanda ba ya ganin fitila da idanunsa biyu to ita ma ba ta ganinsa. Kafar da haske ke shiga kyamara a ƙuntata ta zuwa f/8 ko f/11 domin na gaba da na baya su fito tangaram tare, a kuma saita ganin a sahu na biyu. Malamai da iyaye, bisa ladabi, a gaba suke zama bisa kujeru, sau da yawa kuma su ne masu fararen riguna, wannan ma wani dalili ne na ɗaga fitila a nufi baya da ita. Inda kuma ladabi bai hana ba, wanda ya fi duhun fata a sa shi ɓangaren da haske ya fi ƙarfi. Daga ƙarshe a ɗauka sau biyar ko shida a jere, domin a cikin mutum talatin da wuya a rasa mai ƙifta ido.

A gidanmu akwai wani hoto irin wannan, na shekarar da muka yi sauka, wanda aka ɗauka a farfajiyar makaranta bayan magariba ta gabato, da 'yar fitila guda bisa kyamara. Malamanmu a gaba sun fito har ana iya ƙirga 'ya'yan carbin da ke hannun ɗayansu, mu na sahu na biyu ana gane mu da ƙyar, na sahun ƙarshe kuwa huluna ne kawai da fararen alluna ke shawagi cikin duhu. A cikin waɗannan na baya akwai wani abokina, dogo ne shi ya sa aka tura shi can, wanda Allah ya yi wa rasuwa bayan shekara biyu, kuma iyayensa ba su da wani hotonsa da ya girma sai wannan. Mahaifiyarsa ta aiko aka kai mata, ta fita da shi tsakar gida inda rana take, ta daɗe tana dubawa, sa'an nan ta kira ni ta ce, "Ɗana, zo ka nuna mini wanne ne shi." Na ƙirga daga hagu, na ɗora yatsana a kan hula ta huɗu.